Zangon Kwatano da Tarihin Kuɗin Gyaran Gari

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata al'ada ta mulkin birni wadda ta daɗe da kafuwa. Hukumar gari takan ware kuɗi ta ba mai gida ko mai kanti wani kaso na abin da zai kashe wajen gyara gininsa, bisa sharaɗin ya cika sauran daga aljihunsa, ya kuma bi tsarin da aka shimfiɗa masa. Hujjar masu wannan tsari ita ce, fuskar gida mallakar mutum ɗaya ce amma kowa ke kallonta, kuma gida guda da ya ruɓe yakan karya darajar layi sukutum. Faransa, wadda Jamhuriyar Benin ta gaji yawancin dokokinta na gari daga gare ta, ba a rana ɗaya ta kai ga wannan ba. A 1852 aka yi dokar da ta wajabta wa masu gidaje a Paris su tsabtace fuskar gininsu duk shekara 10. A 1962 dokar Malraux ta ba da kariya ga tsofaffin unguwanni. A 1971 aka kafa hukumar ANAH mai ba masu gidaje tallafin gyara, sa'an nan a 1977 aka fito da yarjejeniyar da ke haɗa hukumar gari da gwamnati da wannan hukuma a kan gyaran unguwa guda. Wato tilas ce ta fara zuwa, tallafi bai biyo ta ba sai bayan shekaru masu yawa.

Wannan jeri shi ne ma'aunin da ya dace a ɗora tarihin Zangon Kwatano a kai. A can tilas ta iso, kuma ta iso da ƙarfinta. Kuɗin hukuma ma ya shigo, amma hanyar da ya bi ita ce ta titi da magudanar ruwa da kasuwa. Gyaran gida kuwa ya zauna a wuyan mai gida. Dalilan haka suna cikin tarihin garin, da takardar fili, da kuma matsayin da aka daɗe ana ba mutumin zango.

Gari a kan rairayi

Kwatano ba tsohon gari ba ne idan aka gwada shi da Kano ko Katsina. Ƙaramar tashar bakin teku ce ta sarakunan Dahomi, wadda ta fara suna a zamanin Sarki Gezo a farkon rabin ƙarni na 19. Sunan da harshen Fon, Kutonu, yana nufin bakin kogin mutuwa, kuma daga gare shi Bahaushe ya sami Kwatano. Faransawa sun kafa da'awarsu a kan wurin bisa yarjejeniyoyin 1868 da 1878 na zamanin Sarki Glele, da'awar da magajinsa Behanzin ya ƙi amincewa da ita, har aka kai ga yaƙe-yaƙen 1890 da 1892. A cikin rundunar da Kanar Dodds ya ja zuwa Abomey a 1892 akwai bataliyar da Faransawa suka raɗa wa suna sojojin Hausa, abin da ke nuna cewa sunan Bahaushe ya riga ya zama sananne a wannan gaɓa tun kafin mulkin mallaka ya zauna.

Abu biyu suka tsara garin. Na farko shi ne mashigin ruwan da aka haƙa a 1885 domin ambaliyar tafkin Nokuwe ta sami hanyar fita teku. Mashigin ya faɗaɗa, ya raba garin gida biyu har yau, Akpakpa a gabas, tsohon gari a yamma. Na biyu shi ne gadar saukar kaya ta ƙarfe da aka miƙa cikin teku a farkon shekarun 1890, da layin dogo da aka fara shimfiɗawa a 1900, wanda bai kai Parakou ba sai 1936. A gefen yamma na mashigin nan Tokpa-Hoho take. Da harshen Fon tokpa bakin ruwa ne, hoho kuwa tsoho, wato tsohon bakin ruwa. Babbar kasuwar Dantokpa, wadda aka gina a 1963, tana arewa da ita a gaɓa guda. A tsarin mulkin yau birnin yana da gundumomi 13, kuma Tokpa-Hoho da Zongo Ehuzu da Zongo Nima da Jonquet duk suna cikin gunduma ta 5.

Ƙasar garin rairayi ce da fadama, shimfiɗaɗɗiya, ruwa kuma yana kusa da sama ƙwarai. Damina biyu ake yi a shekara. Iskar teku mai gishiri tana cin kwano da ƙarfe, laima tana cin bango daga ƙasa. Saboda haka gida a Kwatano yana da tsadar riƙo. Bahaushen da ya saba da ginin ƙasa, wanda yaɓe sau ɗaya kafin damina ya wadatar da shi, kuma gayya take ɗauke masa rabin wahalar, a nan sai ya nemi siminti da bulo da fenti, waɗanda duk kuɗi ne a hannu.

Zango da maigida

Ɗalibin harshe zai so ya tsaya kan kalmar kanta. Zango a asali masaukin ayari ne, inda fatake ke sauke kaya su kwana, kuma yana nufin tazarar tafiyar yini tsakanin masauki da masauki. Hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja ta ratsa arewacin ƙasar da ake kira Benin a yau, ta Nikki da Djougou, kamar yadda Mahdi Adamu da Paul Lovejoy suka bayyana a littattafansu na 1978 da 1980. Da ciniki ya karkata zuwa bakin teku a zamanin Turawa, sai 'yan kasuwa suka bi shi, kalmar ma ta bi su. A bakin mutanen kudu ta zama zongo, ma'anarta kuma ta sauya daga wurin kwana ɗaya zuwa unguwar baƙi Musulmi 'yan arewa. Ba Hausawa kaɗai ke zaune a Zangon Kwatano ba. Akwai Dendawa da Zabarmawa da Fulani da Yarabawa da wasunsu, Hausa dai ita ce ɗaya daga cikin manyan harsunan ciniki da masallaci.

Ginshiƙin kowane zango shi ne maigida. A wannan muhalli kalmar ta wuce ma'anar shugaban iyali. Maigida shi ne mai masauki: yana saukar da baƙo, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan za a ba da bashi, ya sami la'adarsa. Abner Cohen ya yi bayanin wannan tsari dalla-dalla a nazarinsa na 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan, Michel Agier kuma ya yi irinsa a 1983 kan zangon Lome. Abin da nazarce-nazarcen biyu suka nuna shi ne gida a zango jari ne. Yawan ɗakunan mutum shi ne yawan baƙin da zai iya saukewa, yawan baƙinsa kuma shi ne girman cinikinsa. Don haka idan maigida ya sami rarar kuɗi, ƙarin ɗaki yake yi a tsakar gida ko shago a bakin titi. Fenti da ado ba su kawo baƙo. Wanda ya ga cunkoson zango ya ce sakaci ne bai fahimci lissafin ba, domin cunkoson shi ne abin da tsarin yake haifarwa idan yana tafiya daidai.

Takardar da ba ta mallakarwa

A nan ne matsalar take da zurfi. Turawan mulki sun yanka Kwatano murabba'i-murabba'i, kowane fuloti da lambarsa, har yau kuma da lambar carré ake kwatancen gida a tsofaffin unguwanni. A unguwar Turawa da kamfanoni ana ba da cikakkiyar takardar mallaka. A unguwannin 'yan ƙasa kuwa abin da aka fi bayarwa shi ne takardar izinin zama, permis d'habiter. Mai wannan takarda yana da izinin gini da zama, amma filin na hukuma ne, kuma tana iya karɓe shi. Bayan mulkin kai ba a rushe wannan bambanci ba. Dokar 13 ga Yuli 1960 ta tabbatar da izinin zama, dokar 14 ga Agusta 1965 kuma ta tsara takardar mallaka, wadda hanyar samunta ta kasance doguwa mai tsada, har mafi yawan masu gidaje suka haƙura da ita.

Illar wannan ga gyaran gida a fili take. Banki ba ya sakin jiki da jinginar da ba cikakkiyar mallaka ba. Mai gida ba ya zuba dukiyarsa a ginin da bai tabbata zai bar wa 'ya'yansa ba. Hukuma kuma, ko da ta so ba da tallafi, sai ta fara sanin wane ne mai gidan. A tsohuwar unguwa irin Zango wannan tambaya ba ta da sauƙin amsa, saboda gidaje da yawa gidajen gado ne. Takarda tana ɗauke da sunan kaka, magada sun yi yawa, wani yana Yamai, wani yana Kano, wani yana Akara, kowa yana da kaso a kuɗin haya, ba wanda rufin ya zama nasa shi kaɗai. Tsarin tallafi irin na Faransa an gina shi ne a kan mutum ɗaya mai takarda ɗaya wanda zai sa hannu ya kawo rasit. Gidan gado bai shiga wannan ma'auni ba.

An yi yunƙurin warware ƙullin. Yarjejeniyar da Benin ta ƙulla da Amurka a 2006, ta dala miliyan 307, tana da sashe na musamman kan filaye, wanda ya ƙudurci mayar da takardun izinin zama kusan 30,000 su zama takardun mallaka. Da wa'adin ya cika a 2011, kaɗan ƙwarai aka kammala. A 2013 aka yi sabon kundin dokokin filaye wanda ya haifar da hukumar ANDF, aka kuma yi masa gyara a 2017. Doka ta sauya, amma rabon gado da neman sa hannun magada na nan yadda suke.

Hukumar gari mara aljihu

Ɓangare na biyu na matsalar shi ne ita kanta hukumar gari. Kafin ta ba da tallafi sai tana da iko da kuɗi, ga shi kuwa Kwatano ta shafe yawancin ƙarni na 20 ba ta da ko ɗaya sosai. Dokar Faransa ta Nuwamba 1955 ta ba ta zaɓaɓɓiyar majalisa da magajin gari, amma wannan bai yi tsawon rai ba bayan 1960. Juyin mulki ya yi ta biyo juyin mulki, masu riƙon gari suka koma naɗaɗɗu. Mathieu Kérékou ya karɓi mulki a 26 ga Oktoba 1972, ya rungumi aƙidar gurguzu a 1974, ya sauya sunan ƙasar daga Dahomi zuwa Benin a 1975. Taken zamanin shi ne Ehuzu, kalmar Fon da ake fassarawa da juyin juya hali, kuma kalmar tana nan maƙale a sunan Zongo Ehuzu.

A wannan tsakani garin ya yi ta kumbura. Daga mutum kusan 78,000 a 1961, ƙidayar 1979 ta sami kimanin 320,000, ta 1992 kuma kimanin 537,000. Tashar jiragen ruwa mai zurfi da aka buɗe a 1965 ta mai da Kwatano ƙofar teku ga Nijar, sa'an nan hanyar shigar da kaya Nijeriya. Zango ya ci moriyar wannan ƙwarai, domin direban tirela da ɗan kasuwar Maraɗi da mai sarin gwanjo daga Kano duk masauki suke nema. Kuɗi ya ratsa unguwar, tituna kuwa suka zauna rairayi, damina ta mai da su tafkuna. A ƙarshen shekarun 1980 bankunan gwamnati suka durƙushe, albashi ya gagara, har aka kai ga babban taron ƙasa na Fabrairu 1990.

Daga nan ne gyaran gari na zamani ya fara, kuma siffar da ya ɗauka tun ranar farko ita ce ta ci gaba. A 1990 aka kafa hukumar AGETUR, bisa kwaikwayon AGETIP ta Senegal, da goyon bayan Bankin Duniya. Manufarta biyu ce: a gyara tituna da magudanan ruwa, a kuma sama wa marasa aiki abin yi a lokacin tsuke bakin aljihu. Shi ya sa aka zaɓi daɓe da tubalan siminti masu shiga juna maimakon kwalta, domin hannu yake buƙata fiye da inji, kuma ƙaramin ɗan kwangila yana iya yin sa. Dabara ce mai kyau, ta kuma dace da ƙasa mai ruwa, tunda ana iya ɗaga tubalan a gyara a mayar. Amma ta tsaya a bakin ƙofa. Sau da yawa ma sabon titi yakan fi daɓen tsofaffin gidaje tudu, ruwan da yake kwanciya a hanya a da ya koma tsakar gida, maigida ya shiga neman yashin cike da kuɗinsa.

A shekarun nan ne kuma aka ƙirƙiro rajistar filayen birni, inda aka bi gida-gida ana rubuta fuloti da gini da mai shi domin karɓar haraji. Kuɗin shiga ya ƙaru. Sai dai abin ya zo da ban mamaki: hukuma ta san gidan mutum sarai idan maganar haraji ce, ba ta san shi ba idan maganar mallaka ce.

Dokokin 15 ga Janairu 1999 suka kafa ƙananan hukumomi 77, uku daga ciki, Kwatano da Porto-Novo da Parakou, da matsayi na musamman. Aka yi zaɓe a Disamba 2002, tsohon shugaban ƙasa Nicéphore Soglo ya zama magajin garin Kwatano a 2003, ya riƙe har 2015. A 2008 aka kafa asusun FADeC, wanda ta cikinsa gwamnati da masu ba da agaji ke tura wa ƙananan hukumomi kuɗi. Wannan tallafi ne na gaske, amma daga gwamnati zuwa hukumar gari yake, kuma azuzuwa da ɗakunan shan magani da rumfunan kasuwa da hanyoyi yake ginawa. Babbar rijiyar kuɗin birnin kuwa, kasuwar Dantokpa, ta zauna a hannun kamfanin gwamnati SOGEMA, duk da cewa magajin gari ya daɗe yana neman a miƙa masa ita bisa dokar da ta ba ƙananan hukumomi kula da kasuwanni. Hukumar da aka hana ta kasuwarta da wuya ta sami abin da za ta raba wa masu gidaje. Ambaliyar 2010, wadda ta shafi mutum kusan 680,000 a faɗin ƙasar, ta ƙara karkatar da hankali da kuɗi ga magudanan ruwa, kuma ba wanda zai ce an yi kuskure a nan.

Shekarar 2017

Patrice Talon ya hau mulki a Afrilu 2016, a Disambar shekarar kuma ya ƙaddamar da shirin gwamnatinsa, wanda ya ba gyaran birane babban matsayi. Kafin a shimfiɗa komai sai aka fara da share fili. A ƙarshen 2016 aka bi manyan tituna ana shafa jan fenti a kan rumfuna da shaguna da barandun da suka shiga filin hukuma. A farkon Janairu 2017 motocin rusau suka fito a ƙarƙashin Modeste Toboula, wakilin gwamnati a jihar Littoral. A bisa doka filin na jama'a ne, kuma ba a yi alkawarin diyya ba. A bisa rayuwa kuwa, rumfar bakin titi ita ce ke biyan kuɗin makaranta, ita ce kuma ke sayen kwanon da za a toshe yoyo.

Ga mutanen Zango abin ya ƙara da wani. Dokar hana mamaye titi ta haɗa da sallar Juma'a, wadda a manyan masallatan birnin sahu kan fito har kan hanya saboda ƙarancin wuri. Hankali ya tashi, shugabannin Musulmi suka yi magana, shugaban ƙasa ya gana da su a farkon Fabrairu, aka sassauta. Wannan taƙaddama ta fito da abin da ke ƙasa: unguwar ta cika ta batse, rayuwarta ta zubo kan titi, cinikinta da sallarta da zaman makokinta, saboda cikin gida ba wuri. Share titi ba tare da taɓa matsalar cikin gida ba kamar matse ƙurji ne ba a fasa shi ba.

Bayan rusau ayyuka sun zo, kuma adalci ne a faɗi haka. Shirin kwalta da aka fara a 2018 ya gyara tituna a garuruwa 9, da fitilu da hanyar masu tafiya a ƙasa. A shekarar aka kafa kamfanin kwasar shara na yankin Nokuwe, daga baya kuma aka shiga babban aikin magudanan ruwan sama na Kwatano da kuɗin bankunan raya ƙasa. Wanda ya san birnin a 2010 ya dawo yau zai ga bambanci. Sai dai duk waɗannan ayyuka hukumomin gwamnatin tsakiya ne ke riƙe da su. Ikon magajin gari ya ragu. An tuɓe Léhady Soglo a 2017, sa'an nan kundin mulkin ƙananan hukumomi na Disamba 2021 ya ɗauke sarrafa kasafin kuɗi daga hannun magajin gari ya ba babban sakatare ma'aikaci. Ana iya kare wannan da hujjar hana ɓarna. Amma tallafin gyaran gida aiki ne na kusa, na wanda ya san layi da mutanensa, ya san wane gida ne na marayu, wane ne na attajiri. Da wuya a yi shi daga ofishin minista.

Kyakkyawan titi kuma yana da nasa sakamakon. Darajar fuloti takan tashi, haya ta tashi, magadan da ba su da kuɗin gyara su ga sayarwa ta fi, mai kuɗi ya saya ya rushe ya tayar da bene. Alƙaluman ƙidaya suna nuna alamar wannan tun kafin 2017. Tsakanin 2002 da 2013 mutanen Kwatano sun tashi daga kimanin 665,000 zuwa 679,000 kacal, alhali maƙwabciyarta Abomey-Calavi ta tashi daga kimanin 308,000 zuwa 656,000. Tsakiyar birni tana komawa wurin ofis da kanti da sito, masu ƙaramin ƙarfi suna ficewa bayan gari.

Abin da maƙwabta suka yi

Zanguna biyu na wannan gaɓa sun ga hanyoyi biyu mabambanta. A Lome, a 1977, gwamnati ta rushe tsohon zango da ke tsakiyar birni, ta kwashe mutanensa zuwa wani fili mai nisan kilomita kusan 15 a arewa, manyan gine-ginen bankuna da ofisoshi suka maye gurbinsa. Agier ya tarar da al'ummar tana sake ɗinke kanta a sabon wuri, amma nisa da kasuwa ya yi wa masu masauki illa, domin baƙo ba ya son ya sauka nesa da inda zai yi ciniki.

Ghana, wadda a 1969 ta kori baƙi da yawa har zangunanta suka girgiza, ta ɗauki wata hanya bayan kusan shekara 50. A 2017 gwamnatin Nana Akufo-Addo ta kafa ma'aikatar raya tsofaffin unguwanni da zanguna, majalisa kuma ta yi dokar asusun raya zango. Abu ne da ba a saba gani ba, a sa kalmar Hausa a sunan ma'aikata da doka a ƙasar da Hausa ba harshen hukuma ba ne. Asusun ya gina azuzuwa da rijiyoyin burtsatse da banɗakuna da filayen ƙwallo, ya sa fitilun titi. An rushe ma'aikatar a 2021, asusun ya ci gaba. Ko a nan ma kayan jama'a aka fi yi, ba gyaran gidan mutum ba, amma aƙalla an amince cewa zango unguwa ce ta 'yan ƙasa mai haƙƙi a baitulmali.

Misali mafi kusa da tallafin gyaran gini a Benin yana Porto-Novo, tafiyar kilomita 30 daga Kwatano. Birnin yana da tsofaffin gidaje irin na waɗanda suka komo daga Brazil, da babban masallaci mai irin wannan gini. Ta hanyar ƙawance da Cergy-Pontoise, wanda ya faro a 1995, da kuma Lyon, an gyara wasu tsofaffin gine-gine, an kuma gyara dandalin gargajiya na unguwanni tare da fuskokin gidajen dangi da ke kewaye da su, da shawarar dangin da hannun masu zane na garin. Darasin da ke ciki shi ne an yi hulɗa da dangi a matsayin dangi, ba a jira sai an sami mutum ɗaya mai takarda ba. Iyakarsa kuma ita ce ƙofar shigarsa kayan tarihi ne da yawon buɗe ido. Gidan zango na bulo da kwano ba ya cikin abin da mai yawon buɗe ido ke ɗauka hoto, ko da tarihin da ke cikinsa ya kai na kowane bene.

Kuɗin gyara daga ina?

Tunda gyaran gida a Zango daga aljihun maigida yake fitowa, aljihun kuma daga baƙo yake cika, lafiyar gine-ginen unguwar tana rataye ne a kan iyakokin ƙasa. A Janairu 2017, watan rusau, Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakar ƙasa, abin da ya daki cinikin motocin Kwatano da kowane Bakano ya sani. Daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 ta rufe iyakokinta na ƙasa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar aka rufe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya, kuma ko da Benin ta buɗe nata ɓangaren a 2024, Nijar ta bar nata a rufe. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana nufin ɗakin baƙi da ba kowa, da sito da ba kaya.

Sai kuma maganar kasuwa. Gwamnati ta yanke shawarar tayar da Dantokpa, wadda gobara ta sha ci, ciki har da babbar gobarar Oktoba 2015. An tsara masu sari su koma sabuwar kasuwa a Akassato cikin Abomey-Calavi, masu atamfa da kayan ado su koma cibiyar ciniki kusa da babban filin wasa na Kouhounou, masu ƙananan kaya kuma su rarrabu a sababbin kasuwannin unguwanni, waɗanda aka fara buɗewa a 2024 a ƙarƙashin hukumar ANaGeM. Zangon Lome shi aka ɗauke aka nisanta da kasuwa. A Kwatano kasuwar ce aka tsara ɗaukewa a bar zango a inda yake, da masallacinsa da gidajen gadonsa da ɗakunan baƙin da aka gina saboda ita. Akassato kuwa tana kan hanyar arewa, wadda motocin Parakou da Malanville ke bi kafin su shigo gari.